Ina so in tafi aikin bishara, amma tsoro ya hana ni barci

Mama, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Zariya, shekarata 26. Zumuntar matasan ikkilisiyarmu ta shirya fita aikin bishara na kwana goma a watan Disamba, zuwa wasu ƙauyuka a kudancin jihar Katsina. Da rana za mu duba marasa lafiya, da yamma a yi wa'azi. Ni na fara ba da sunana, da murnata. Amma tun da aka sa rana barci ya ƙaurace wa idona, saboda labaran masu garkuwa da mutane a hanyoyin can. Mahaifinmu ya rasu, ni ce babba a gida, mahaifiyata kuwa ta ce ba da yawunta ba. Da na kai damuwata wurin shugaban tafiyar sai ya ce tsoro rashin bangaskiya ne, Allah ke mulkin komai, abin da ya nufa ba makawa sai ya faru. Na yi azumin kwana uku ina neman salama, ban ji komai ba. Mama, tsorona zunubi ne? Yaya zan shirya zuciyata? In na fasa zuwa, na yi wa Allah rashin biyayya ke nan?

Wata 'yar'uwa daga Zariya

'Yata, sannu. Bari in fara sauke miki kayan da aka ɗora miki ba gaira ba dalili: tsoronki ba zunubi ba ne. Bulus da kansa ya gaya wa Korintiyawa cewa da rauni da tsoro da rawar jiki ya zo wurinsu, kuma a wannan birnin ne Ubangiji ya yi masa magana da dare ya ce kada ya ji tsoro. Ba a cewa wanda ba ya jin tsoro kada ya ji tsoro. Ubangijinmu Yesu ma a Getsamani bai ɓoye wa almajiransa cewa ransa yana shan wahala matuƙa ba. Abin da kike tsoro kuma ba tatsuniya ba ne. A watan Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana a Ƙanƙara, kuma mutanen wannan yanki sun sha baƙin cikin 'yan bindiga shekara da shekaru. Wanda ya ji an ce za a bi ta can bai ji gabansa ya faɗi ba, ko dai bai san wurin ba, ko bai tsaya ya yi tunani ba.

Maganar shugabanku rabinta gaskiya ce. Allah ke mulkin komai, na gaskata wannan da dukan zuciyata, a kansa nake kwana nake tashi. Ko gwara ba ta faɗuwa ƙasa ba da sanin Ubanmu ba. Amma abin da ya gina a kan wannan gaskiyar, wato ki yi shiru ki daina tambaya, shi ne ban yarda da shi ba, kuma Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba.

Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura ta 23 ki karanta a hankali. Bulus yana tsare a Urushalima, da dare Ubangiji ya tsaya kusa da shi ya tabbatar masa zai yi shaida a Roma. Alkawari ne daga bakin Yesu, babu kokwanto a ciki. Kashegari mutum fiye da 40 suka yi rantsuwa ba za su ci ba, ba za su sha ba, sai sun kashe shi. Ɗan 'yar'uwarsa ya tsinci labarin ya zo ya faɗa masa. Da Bulus irin shugabanku ne, da ya ce wa yaron ya koma gida, ai Allah ya riga ya yi magana. Amma sai ya kira jarumin soja ya ce a kai yaron wurin babban hafsa ya ba da rahoto. Daren nan aka fitar da shi zuwa Kaisariya da rakiyar sojoji 470. Alkawarin Allah ya cika, amma ta bakin wani ƙaramin yaro da ya buɗe kunne, da hankalin Bulus da ya ɗauki maganar da muhimmanci. Haka a sura ta 27, cikin jirgin ruwa da mutum 276. Mala'ika ya riga ya ce ba ran da zai salwanta, duk da haka da Bulus ya ga matuƙan jirgin suna shirin sulalewa sai ya ce wa sojoji in waɗannan ba su tsaya ba, ba za ku tsira ba. Allahn da ya ƙaddara ƙarshen al'amari shi ne ya ƙaddara hanyar da za a bi a kai can, kuma sau da yawa hanyar nan ita ce tambaya, da lura, da jin shawarar wanda ya sani.

Akwai bayin Allah biyu da nake so ki ajiye a gabanki, Ezra da Nehemiya. Dukansu sun taso daga ƙasar bauta zuwa Urushalima ta hanya mai 'yan fashi. Ezra ya tara jama'arsa a bakin kogin Ahawa suka yi azumi, ya ce ya ji kunyar roƙon sarki sojoji tun da ya riga ya gaya masa hannun Allah yana bisa masu nemansa. Ya tafi ba rakiya, Allah ya kiyaye. Nehemiya kuwa ya roƙi sarki wasiƙu zuwa ga gwamnonin da zai ratsa ƙasarsu, ya tafi tare da hafsoshi da mahayan dawakai, ya kuma ce hannun Allah ne ya yi masa wannan alheri. Littafi Mai Tsarki bai tsauta wa ko ɗayansu ba. Ezra ɗin ma da ya ƙi sojoji bai tafi da ka ba: ya tsaya kwana uku ya bincika waɗanda ke cikin ayarin, ya auna azurfa da zinariya ya danƙa a hannun mutanen da ya zaɓa. Abin da Ubangiji ya ƙi shi ne abin da Shaiɗan ya kawo masa a kan hasumiyar Haikali, wato ya yi tsalle ya faɗo don a ga ko mala'iku za su tare shi. Shiga hanyar da mutanen gari suka ce kada a bi, don a nuna bangaskiya, ya fi kusa da wannan tsallen.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi nauyi, kuma ba zan ɓoye miki shi ba. Mulkin Allah ba alkawari ba ne cewa duk wanda ya fita aikinsa zai dawo lafiya. A sura ta 12 ta Ayyukan Manzanni, Hirudus ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, ya kama Bitrus don ya yi masa haka nan, mala'ika ya buɗe wa Bitrus ƙofar kurkuku. Manzanni biyu, sarki ɗaya, ikkilisiya ɗaya, ɗaya ya fita ɗaya ya mutu, kuma ba a gaya mana dalili ba. Tarihinmu ma haka ya fara. A watan Disamban 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara ƙasar nan tamu, dukansu ba wanda ya kai shekara talatin. Cikin 1894 ciwo ya kashe Kent a Bida, ya kashe Gowans a Girku. Ba su ga ko mutum ɗaya ya tuba ba. Bingham ya koma gida da rashin lafiya, ya sake gwadawa a 1900 zazzaɓi ya sake korarsa, sai a 1902 aka samu wurin zama a Patigi. Daga wannan aikin ƙungiyar mishan ta SIM ta tsaya da ƙafafunta, daga cikinta ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Mu yau muna iya waiwayawa mu ga inda abin ya kai. Su biyun da aka binne ba su gani ba, iyayensu da suka karɓi wasiƙar rasuwa ba su gani ba a ranar.

Saboda haka shirin zuciya na farko shi ne ki daina neman Allah ya sa miki hannu a takardar cewa ba abin da zai same ki. Ina zaton abin da kika nema ke nan a azuminki, shi ya sa kika ji shiru. Azumi ba kuɗin sayen salama ba ne, kuma rashin jin wani abu a jiki ba alamar Allah ya juya miki baya ba ce. Ki koma gabansa, ki rufe ƙofa, ki kira abin da kike tsoro da sunansa. Ki ce masa kina tsoron a tare motarku, kina tsoron daji, kina tsoron abin da ake yi wa mata a can, kina tsoron mahaifiyarki ta sayar da gida don kuɗin fansa, kina tsoron ƙannenki su rasa mai biya musu kuɗin makaranta. Ki roƙe shi kariya ba kunya, gama ya ce mu roƙa. Sa'an nan ki yi ƙoƙarin faɗin abin da Shadrak da Meshak da Abednego suka gaya wa sarki Nebukadnezzar a bakin tanderu, cewa Allahnsu yana da ikon ceton su, amma ko bai cece su ba, ba za su bauta wa wani ba. Wataƙila rana ta farko maganar ta maƙale miki a wuya. Ba laifi. Ki dawo gobe. Wannan addu'ar ba ta mai tafiya Katsina kaɗai ba ce, ko kin zauna a Zariya za ki buƙace ta, domin ranki a hannunsa yake a ɗakin jinya kamar yadda yake a kan hanyar Funtuwa.

Sai maganar mahaifiyarki, wadda na ga kin ambata a layi ɗaya kin wuce, alhali a wurina ita ce rabin tambayar. Matar nan ta binne mijinta. Da ta ce ba da yawunta ba, ba gaba take da bishara ba, tana lissafin abin da ya rage mata ne a duniya. Kada ki yarda kowa ya sa ki kalle ta a matsayin abin tuntuɓe. Na san Yesu ya ce wanda ya fi ƙaunar uwa ko uba a kansa bai cancanci zama nasa ba, kuma akwai ranar da mai bi zai tsaya ko da gida duka sun ƙi. Amma wannan maganar ana yin ta ne in an ce ki musunci Almasihu ko ki bar kiran da ya tabbata a kanki. Tafiyar kwana goma da zumunta ta shirya ba ta kai nan ba. Shi Yesun ne kuma ya tsauta wa Farisiyawa don suna fakewa da hidimar Allah su yi watsi da iyayensu, shi ne yana kan gicciye ya danƙa mahaifiyarsa a hannun Yahaya.

Ki zauna da ita bayan an ci tuwon dare, ƙannenki sun kwanta. Kada ki zo da ayoyi a baki. Ki ce, Mama, gaya mini abin da kike gani in kin rufe ido. Ki bar ta ta yi magana har ta gama, in kuka ne ku yi tare. Ki gaya mata ke ma kina jin tsoro, domin ina tsammanin tana ganin kamar ba ki san abin da kike shirin shiga ba. Bayan haka ki roƙi fastonku ko ɗaya daga cikin iyayen zumuntar mata da take girmamawa su zo su zauna da ita, su kawo mata bayani na gaskiya a kan tafiyar. Uwa da aka gaya wa sunan ƙauyen, da sunan wanda zai karɓe ku, da ranar dawowa, ba daidai take da uwar da aka ce wa kawai ta ba da gaskiya ba. In bayan duk wannan ta sa miki albarka, ko da hawaye, kin tafi da abu mai daraja. In ta tsaya a kan bakanta, shawarata ki haƙura da wannan karon, ki ci gaba da yi mata addu'a da ladabi. Shekararki 26, filin bishara ba zai ƙare a Disamba ba.

Shugaban tafiyar kuma, ki koma wurinsa, amma kada ki je ke kaɗai, ki tafi da wani dattijon ikkilisiya. Akwai tambayoyin da ya wajaba ya amsa, kuma yin su hidima ce ga sauran matasan da suka ji nauyin buɗe baki. Wa ya gayyace ku? Akwai mai bishara ko fasto da ke zaune a wurin, kuma shi ya ce ku zo a wannan lokacin, ko ku kuka yanke shawara daga Zariya? An yi magana da shi a makon nan a kan halin hanya? Mai gari ya san da zuwanku? An tsara a isa kafin la'asar, ba tafiyar dare? In ya kira ana gobe tafiya ya ce ku dakata, za a dakata, ko za a ce an riga an biya kuɗin mota? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da ke noma a ƙauyen, yake binne matattunsu, yake jin motsin babura da dare, maganarsa ta fi ƙarfin zumuɗin kowa a cikinku. Sa'an nan majalisar dattawa ta san da tafiyar ta kuma amince? A Antakiya ba Bulus da Barnaba ne suka aiki kansu ba. Ikkilisiya ta yi azumi da addu'a, ta ɗora musu hannu, ta sallame su. In shugabanku ya amsa waɗannan da natsuwa, za ki ga rabin tsoronki ya kwanta. In ya fusata ya sake cewa rashin bangaskiya ne, to kin samu amsarki, kuma dattijon da ke tare da ke ya ji da kunnensa.

In hanya ta buɗe kika tafi, akwai wani shiri da ba a cika maganarsa ba, shi ne ki sauke girman kai tun daga gida. A yankin Malumfashi da Kafur akwai ikkilisiyoyin Hausawa tun kafin a haife ki. Ba ku za ku kai Allah can ba, yana can yana aiki. Za ki tarar da tsohuwar da ba ta iya karatu ba, amma ta riƙe bangaskiyarta cikin abin da ke ba ki taɓa ɗanɗanawa ba. Ki zauna kusa da ita a tabarma ki saurara. In an miƙo miki ƙwaryar ruwa ko fura ki karɓa da hannu biyu, in cikinki ba zai ɗauka ba ki kai baki ki yi godiya. Ki kuma lura da matar mai bishara. Ita za ta tashi tun da asuba ta ja ruwa a rijiya saboda baƙi ashirin, ta hura wuta cikin sanyin hunturu, ta buɗe rumbun da aka cika don ya kai iyalinta damina. Ba za ta taɓa cewa kun yi mata nauyi ba. Ku tafi da hatsinku da manku da kuɗin cefane, ku bar musu saura, ke kuma ki shiga madafa ki kama mata aiki kafin ki ɗauki akwatin magani. Tun 1948 da aka kafa EMS, ƙungiyar aika masu bishara ta ECWA, irin waɗannan iyalai ne ke ɗauke da aikin bishara a ƙauyukanmu, da ɗan abin da ake ba su da gonar da suke nomawa.

Ki tuna kuma ku za ku hau mota ku dawo, su za su zauna da abin da kuka bari. Kalma ɗaya ta cin mutuncin addinin wani a lasifika tana iya rushe zaman lafiyar da suka yi shekaru suna ginawa da maƙwabtansu Musulmi. Hoton wanda ya zo neman addu'a da aka sa a Facebook yana iya jawo masa abin da ba ku zata ba, don haka ku bar wayoyinku a aljihu. Maganin da za ki bayar ki ba kowa daidai, Musulmi da Kirista da mai bin al'adar kakanni, ba tare da sharaɗin sai ya zauna wa'azi ba. Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya ne ya dawo godiya, bai karɓe lafiyar sauran taran ba. Hannunki a kan goshin yaro mai zazzaɓi, da haƙurin da za ki yi wa uwarsa ki bayyana mata yadda za ta ba shi magani, shaida ce cikakkiya.

Kada ki ɗora wa kanki nauyin ƙidayar waɗanda suka ɗaga hannu. Matasa da yawa suna dawowa daga irin wannan fita da karyayyar zuciya don ba su ga abin da suka yi mafarki ba, wasu kuma su ƙara gishiri a rahoto don kada a ce an yi wahalar banza. Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa girma. Zafin nema ba ya kawo samu, balle a al'amarin zuciyar mutum. Ki fara tun yanzu yi wa ƙauyukan addu'a da sunayensu, ki nemi sunan mai bisharar da na matarsa da 'ya'yansu ki riƙa ambatonsu. In akwai wadda kuke 'yar tsama da ita a cikin ayarin, ku shirya kafin ranar tafiya, domin kwana goma a ɗaki ɗaya da gajiya da ƙarancin ruwan wanka za su tono duk abin da aka binne. Ki nemi mutum biyu ko uku da za su riƙe ki da addu'a kowace rana har ki dawo, in mahaifiyarki ta yarda ta zama ta farkonsu.

Tambayarki ta ƙarshe: in kin fasa, kin yi rashin biyayya? In kin san a ranki Allah ya ce ki tafi, hanya ta buɗe, mahaifiyarki ta yarda, masu masauki sun ce ku zo, sai tsoro kaɗai ya rage, to ki tafi da tsoron naki, zai rage a hanya ko ya bi ki har can, Ubangiji yana tare da ke ko ta yaya. Amma in ƙofa ta rufe ta ɗaya daga cikin waɗannan, kada ki bar kowa ya sa miki kunya. A sura ta 16 ta Ayyukan Manzanni Bulus ya so yin wa'azi a lardin Asiya, Ruhu Mai Tsarki ya hana. Ya nufi Bitiniya, aka sake hana shi. Wa'azi ne fa, abu mai kyau, amma aka ce ba yanzu ba, sai daga baya ya ga wahayin mutumin Makidoniya. Asiyar da aka hana shi, daga baya ya zauna a Afisa cikinta fiye da shekara biyu yana koyarwa. In zama ya kama ki, ki haɗa musu akwatin magani da hannunki, ki rubuta musu yadda za a ba da kowane, ki sa kuɗin motarki a hatsin da za a kai wa mai bishara.

Ranar Lahadi mai zuwa bayan sujada ki tsayar da dattijon da kika fi sakin jiki da shi, ki ce kina so ya raka ki wurin shugaban tafiyar, ku kira mai bisharar can a waya a gabanku duka. Daren ranar ki zauna da mahaifiyarki. Ki rubuto mini abin da suka ce, ina sa ki da ita cikin addu'a.